Kyaftin Charles Boycott: Wakilin da sunansa ya zama makamin ƙauracewa

A duk lokacin da wasu jama'a suka yi kira da a daina sayen kayan wani kamfani saboda matsayin da masu shi suka ɗauka a kan siyasa, ko addini, ko wani yaƙi da ake gwabzawa a wata ƙasa, kalma ɗaya ce jaridun Turanci ke ɗaukowa, wato boycott. Mu a Hausa ƙauracewa muke cewa. Abin da da yawa daga masu furta kalmar a ofisoshi da tarurruka ba su lura da shi ba shi ne, asalinta sunan mutum ne: Charles Cunningham Boycott, wani Baturen Ingila da ya rayu daga 1832 zuwa 1897.

Mutumin bai ƙirƙiro ƙauracewa ba, bai kuma taɓa kiran kowa zuwa gare ta ba. Shi aka ƙaurace wa. Kuma gonakin da aka yi rikicin a kansu ba nasa ba ne, wakilin mai su ne kawai, aikinsa karɓar kuɗin haya da aiwatar da umarnin ubangidansa. Tarihinsa darasi ne ga duk wanda ke aiki da sunan wani, da kuma duk wanda ke tunanin hukunta mai dukiya ta hanyar janye masa ciniki.

Ɗan limamin coci da ya faɗi jarrabawar soja

An haifi Charles ranar 12 ga Maris, 1832, a ƙauyen Burgh St Peter da ke yankin Norfolk a gabashin Ingila. Mahaifinsa limamin cocin ƙauyen ne, kuma gidansu ya daɗe yana riƙe da wannan limanci. Da Boycatt ake rubuta sunan gidan, sai a 1841 suka sauya rubutun zuwa Boycott.

Tun yana yaro ya ƙwallafa rai a kan aikin soja. A 1848 ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta Woolwich, amma shekara guda bayan haka ya faɗi jarrabawa aka sallame shi. A wancan zamani ana sayen muƙamin hafsa a rundunar Birtaniya da kuɗi, don haka a 1850 danginsa suka biya fam 450 suka saya masa gurbi a runduna ta 39 ta sojan ƙasa. Ba da jimawa ba aka tura rundunar Ailan, tsibirin da ke yammacin Ingila, wanda tun 1801 aka haɗe shi da Birtaniya a ƙarƙashin majalisa ɗaya da ke Landan.

A Dublin ya auri Anne Dunne a 1852. A shekarar ce kuma ya sayar da muƙaminsa bayan wata rashin lafiya, ya bar aikin soja bai ko cika shekara uku ba. Duk da haka laƙabin Kyaftin ya bi shi har kabari.

Daga tsibirin Achill zuwa bakin tafkin Mask

Boycott bai koma gida ba. Ya fara noma a yankin Tipperary, sannan a 1854 ya ƙaura zuwa Achill, wani tsibiri mai duwatsu da iska a gaɓar yankin Mayo, can ƙuryar yammacin Ailan. Ya karɓi hayar eka 2,000 daga cikin filayen wata ƙungiyar mishan ta Furotesta, a tsakiyar jama'ar da kusan dukkansu Katolika ne masu magana da harshen Ailan. Ya shafe kusan shekara 20 a nan yana kiwo da noma, ya sha wuya a farko, daga bisani ya samu rufin asiri har ya gina babban gida.

A 1873 ya koma gidan Lough Mask, kusa da garin Ballinrobe, a matsayin wakilin John Crichton, basaraken da ake kira Lord Erne. Wannan basarake yana da kimanin eka 40,000 a Ailan, amma zamansa a fadar Crom yake, can arewa a yankin Fermanagh. Manoman Mayo ba su ganinsa, wakilinsa suke gani. Boycott ya karɓi kula da eka 1,500 na filayen ubangidan nasa, ladansa kashi 10 cikin 100 na kuɗin hayar da ya tattara, ya kuma yi hayar gona mai eka 629 don kansa.

Shaidar da aka yi masa ita ce mutum ne mai ƙwazo, mai tsare lissafi, marar sassauci. Yana cin tarar wanda dabbarsa ta shiga gonarsa, yana yanke ladan ma'aikacin da ya makara, ya kuma soke wasu alfarmomin da talakawa suka saba da su, kamar ɗibar itacen wuta a filin basarake. A idonsa doka ce da tsari. A idon manoman da ba su da abin kai wa baka, wulaƙanci ne daga baƙon da ba addininsu ɗaya ba, ba harshensu ɗaya ba.

Ƙasar da manomanta ba su da gona

Ba za a fahimci abin da ya same shi ba sai an san yadda mallakar ƙasa take a Ailan a lokacin. Iyalai ƙasa da 800 ne suka mallaki rabin tsibirin. Mafi yawan manoma 'yan haya ne na shekara-shekara, ana iya ƙara musu kuɗi ko a tashe su. Wanda ya gyara gonarsa ma yana iya jawo wa kansa ƙarin haya. Tsofaffi kuwa ba su manta da babbar yunwar da ta fara a 1845 ba, lokacin da cuta ta cinye dankalin Turawa, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu miliyan ɗaya suka yi hijira.

A ƙarshen shekarun 1870 damina ta ɓaci a jere, ta 1879 ta fi muni, farashin amfanin gona kuma ya faɗi. Tsoron yunwa ya dawo Mayo. A nan ne Michael Davitt ya fito. Ɗan Mayo ne da aka tashi iyayensa daga gonarsu yana ƙaramin yaro, ya kuma rasa hannunsa na dama a masaƙar auduga a Ingila yana ɗan shekara 11. Ranar 21 ga Oktoba, 1879, aka kafa ƙungiyar kare manoma 'yan haya ta ƙasa baki ɗaya mai suna Land League, aka naɗa ɗan majalisa Charles Stewart Parnell shugabanta. Buƙatunta uku ne: kuɗin haya na adalci, tabbacin zama a gona muddin ana biya, da 'yancin manomi ya sayar da haƙƙinsa na haya.

Kafin wannan lokaci, bindiga cikin dare ce amsar da aka saba bai wa mai ƙasa ko wakilinsa. Ranar 19 ga Satumba, 1880, Parnell ya yi jawabi a garin Ennis inda ya kawo wata hanya. Ya ce duk wanda ya karɓi gonar da aka tashi wani daga cikinta, kada a harbe shi. A guje shi a hanya, a kanti, a kasuwa, har a wurin ibada, kamar yadda mutanen da ke gudun kuturu. Parnell bai ambaci Boycott ba, bai ma nufi wakilai ba. Amma kwana uku bayan jawabin, a ƙofar Boycott aka fara gwada shawarar.

Ranar da gida ya yi tsit

Saboda ɓacin damina, Lord Erne ya amince ya rage kashi 10 cikin 100 na kuɗin haya. Manoman suka nemi kashi 25. Basaraken ya ƙi, Boycott kuma ya karɓo takardun tashi daga kotu a kan manoma 11. Ranar 22 ga Satumba masinjan kotu ya fita raba takardun tare da rakiyar 'yan sanda 17. Bai yi nisa ba matan ƙauyen suka tare su da jifa da duwatsu da taɓo da kashin shanu, har sai da suka gudu suka fake a gidan Boycott.

Kashegari jama'a suka yi dandazo zuwa gidan, suka umarci ma'aikatansa da su ajiye aiki. Masu noma, masu kiwo, masu kula da dawaki, barorin cikin gida, duk suka watse. Maƙeri ya daina yi masa aiki, mai wanki ta daina karɓar tufafinsa, yaron da ke kawo masa wasiƙu ya daina zuwa. Kantunan Ballinrobe suka ƙi sayar masa da komai, sai dai a kawo masa kayan masarufi ta jirgin ruwa daga wani gari. Shi da matarsa da 'yan uwan da ke zaune tare da su suka koma tatsar shanu da kiwon tumaki da kansu, 'yan sanda na gadinsu.

Ba kowa ne ya janye da son ransa ba. Wasu sun bar aikin ne don tsoron abin da zai biyo baya, an kuma aika wa wasu da barazana. Amma babu wanda ya taɓa lafiyar Boycott, alhali a cikin makon nan aka harbe wani mai ƙasa, Lord Mountmorres, har lahira a kusa da Clonbur, ba nisa da wurin.

Limamin Katolika na yankin, Fada John O'Malley, yana cikin jagororin wannan mataki. Wani ɗan jaridar Amurka, James Redpath, ya ba da labarin cewa suna hira da limamin yana kukan rashin kalmar da za ta bayyana abin da ke faruwa wadda manomi zai iya furtawa, sai limamin ya ba da shawarar a yi amfani da sunan mutumin kawai. Kafin shekarar ta ƙare kalmar ta cika jaridun Landan, daga baya ta tsallaka zuwa Faransanci da Jamusanci da Rashanci, kuma a 1888 ta shiga babban ƙamusun Turanci na Oxford, mai sunan yana raye.

Girbin da ya ci fam 10,000

Da Boycott ya yi shiru, wataƙila da labarin ya tsaya a Mayo. A tsakiyar Oktoba ya rubuta wa jaridar The Times ta Landan wasiƙa yana zayyana halin da yake ciki, amfanin gonarsa na neman ruɓewa a ƙasa. Wasiƙar ta mayar da rikicin ƙauye ya zama batun daular Birtaniya. 'Yan jarida suka yi tururuwa zuwa Ballinrobe. A Belfast da Dublin aka buɗe asusun ceto shi. Ƙungiyar Orange ta Furotestoci masu goyon bayan zama ƙarƙashin sarautar Ingila ta yi shirin tura ɗaruruwan mutane.

Gwamnati ta ga cewa hakan na iya haddasa yaƙin addini, sai ta taƙaita adadin zuwa mutum 50, daga yankunan Cavan da Monaghan. Da suka sauka daga jirgin ƙasa a Claremorris a watan Nuwamba, babu mai keken doki ko ɗaya da ya yarda ya ɗauke su, suka taka da ƙafa cikin ruwan sama. Sojoji da 'yan sanda kusan 1,000 aka jibge domin gadinsu. Mako biyu suka yi suna haƙar dankali da sauran amfanin gona, ƙungiyar manoma kuma ta umarci jama'a kada wanda ya tanka musu. Ba a yi arangama ba.

Da aka yi lissafi, an kashe kimanin fam 10,000 wajen ceto amfanin da bai wuce na fam 500 ba. Sansanin sojojin ma ya tattake masa fili. Masu ƙasa suka fahimci cewa gwamnati ba za ta iya tura runduna kowace gona ba, manoma kuma suka ga da idonsu cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Ranar 27 ga Nuwamba, 1880, Boycott da iyalinsa suka bar gidan Lough Mask a cikin keken ɗaukar majinyata na soja, domin ba a samu direban haya ba. A Dublin ma an aika wa mai otal ɗin da suka sauka takardar gargaɗi cewa za a ƙaurace masa idan ya ci gaba da ba su masauki. Ranar 1 ga Disamba suka shiga jirgin ruwa zuwa Ingila.

Sauran kwanakinsa

Ya nemi gwamnatin Firayim Minista William Gladstone ta biya shi diyya, ba ta biya ba. Masu tausaya masa ne suka tara masa kimanin fam 2,000. A 1881 ya ziyarci abokai a jihar Virginia ta Amurka, ya yi rajistar jirgi da sunan Charles Cunningham don ya ɓuya, amma jaridun can suka gano shi. Mutumin da sunansa ya shiga bakin duniya ya koma neman inda zai ajiye sunan ya huta.

A shekarar ce majalisa ta zartar da dokar ƙasa ta Ailan, wadda ta amince da buƙatun nan uku, ta kuma kafa hukumar da ke yanke kuɗin haya na tsawon shekara 15. Wasu dokokin suka biyo baya, musamman ta 1903, waɗanda suka bai wa manoma rancen sayen gonakin da suke nomawa.

Boycott ya koma Lough Mask bayan ƙura ta lafa, ya zauna wasu shekaru. A 1886 ya samu aikin wakilcin filayen Sir Hugh Adair a Flixton da ke yankin Suffolk na Ingila, ya ci gaba da sana'ar da ya iya da kuma sha'awarsa ta sukuwar dawaki. Ya riƙa zuwa hutu Ailan. A 1888 ya ba da shaida a gaban kwamitin da ya binciki Parnell da ƙungiyarsa. Ya rasu a Flixton ranar 19 ga Yuni, 1897, yana da shekara 65, aka binne shi a ƙauyen da aka haife shi.

Abin da ya bari

Ƙauracewar Mayo ta yi nasara ne saboda dalilan da ake iya lissafawa. Abin da ake tuhuma aiki ne da kowa ya gani, wato tashin manoma 11 daga gonakinsu. Buƙatar a fili take, a rage haya, a janye takardu. Waɗanda suka janye hannu su ne waɗanda gonar ba ta tafiya sai da su. Akwai kuma ƙofar sulhu: da an biya buƙatar, da an koma aiki.

Amma tun a makonnin farko makamin ya nuna ɗaya kaifin nasa. Mai kanti a Ballinrobe da mai otal a Dublin ba su tashi kowa daga gona ba, laifinsu shi ne ciniki da wanda aka ƙaurace wa. Daga nan zuwa hukunta ɗan kasuwa saboda ra'ayinsa ko addininsa taki ɗaya ne, kuma Ailan ta taka shi. A 1888 fadar Fafaroma ta yi tir da ƙauracewa. A 1904 wani limamin coci a birnin Limerick ya tunzura jama'a suka ƙaurace wa 'yan kasuwa Yahudawa, har iyalai da dama suka bar garin. A 1920 'yan kishin ƙasa a kudu suka ƙaurace wa kayayyaki da bankunan Belfast saboda korar ma'aikata Katolika daga masana'antun ƙera jiragen ruwa, matakin da ya ƙara nisa tsakanin kudu da arewa. A 1957, a ƙauyen Fethard-on-Sea, an ƙaurace wa kantunan Furotestoci saboda saɓanin wasu ma'aurata a kan makarantar 'ya'yansu, har sai da shugaban gwamnati Éamon de Valera ya yi Allah wadai da abin a majalisa. A Limerick da Fethard babu abin da mai kanti zai gyara a daina gudunsa, sai dai ya bar addininsa ko ya bar gari.

Nijeriya ma ta riƙe wannan makami. Mbonu Ojike, jigo a jam'iyyar NCNC wanda ya rasu a 1956, ya samu laƙabin sarkin ƙauracewa saboda kiran da ya riƙa yi na a bar kayan Turawa a rungumi na gida. A 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta umarci ma'aikatu da hukumominta su kwashe ajiyarsu daga bankin Barclays saboda hulɗar uwar kamfanin da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, a 1979 kuma ta karɓe kadarorin kamfanin mai na BP a ƙasar nan. Waɗannan matakai sun yi kama da na Mayo ta fuska ɗaya: an faɗi aikin da ake ƙi, an kuma san abin da zai kawo ƙarshen hukuncin.

Kowa na da 'yancin kai kuɗinsa inda ransa ya kwanta, babu dokar da ta tilasta wa mutum sayen kayan wanda yake ganin yana taimakon zalunci. Tambayar da tarihin Boycott ke ajiyewa a gaban mai shirin ƙauracewa ita ce: me ake so mai kamfanin ya daina, kuma a jikin wa bulalar za ta sauka? Sau da yawa mai ra'ayin yana wata ƙasa mai nisa, wanda ke tsaye a bakin kanti kuwa dillali ne, ko mai riƙe da reshe, ko ma'aikacin da ke jiran albashin ƙarshen wata.

Ga masu aiwatar da umarnin wasu kuma, darasin ya fi kusa. Lord Erne ne ya ƙi rage hayar, amma bai rasa mai wanki ba, bai tatsi saniya da hannunsa ba. Ya rasu a 1885 da sarautarsa, zuriyarsa na riƙe da fadar Crom har yau. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai Boycott ma ba a zalunce shi haka kawai ba. Umarnin tashin manoma daga sama ya zo, amma tarar dabbobi da hana itacen wuta nasa ne, kuma su ne suka sa ranar da ya buƙaci maƙwabci bai samu ko ɗaya ba. Sunan ubangidan ya tsaya a littattafan tarihin Ailan, sunan wakilin ne ya shiga ƙamus.